Kududdufan Kano da ƙasar da aka gina birni da ita

Assalamu alaikum. Na baya, kuna ji na? To madalla. Abubuwa huɗu na shirya mana game da ginin tsohon birnin Kano: ganuwa, gidajen sarauta, kayan gini, sai kasuwa.

Ganuwa dai Sarki Gijimasu ne ya fara ta, wanda ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134, aka yi ta faɗaɗa ta, musamman a zamanin Muhammadu Rumfa. To amma jama'a, duk ƙasar nan da aka tula ta zama ganuwa, daga ina aka ɗebo ta? Babu tifa a lokacin. Sai kai, sai jaki. Ƙasa kuwa nauyi gare ta, ba mai zuwa nesa ya ɗauko ta. Nan gindin ganuwar aka haƙa, ramin kuma ya zama ƙarin kariya daga mahara.

Haka gidaje ma. Nan nake so mu ɗan zauna. Kududdufin unguwarku, wanda kuke toshe hanci in za ku wuce shi, ramin da aka haƙi ƙasar gidajenku ne. Na ga dattawan gaba suna murmushi, da alama an sha bulala a kan wanka a ciki! Ni in na ga kududdufi, wallahi gidaje nake gani. In ramin babba ne, to unguwar ta daɗe ana gini a cikinta. A haƙo ƙasa, a jiƙa ta, a zuba ciyawa, a tattake da ƙafa, a bar ta ta kwana biyu ta tsimu. Sannan a mulmula tubali, gindi da faɗi, kai da tsini, a shanya a rana. Magini yana zaune bisa katanga, yaronsa na ƙasa yana cilla masa ɗaya bayan ɗaya, yana cafewa yana jerawa.

Kuma ramin bai gama aiki ba. In damina ta faɗi, ruwa ya zubo ta indararo, ya bi lungu, ina zai je? Kududdufi. Ku riƙe wannan, kududdufi. Yau mun cike da yawansu da shara, mun dasa shaguna a kai, ruwa kuma bai san da wannan ciniki ba. Inda ya saba zuwa nan yake nema, in bai samu ba ya faɗa ɗakunan mutane. Abin yana ci mini rai ƙwarai. Baturen nan Barth da ya zo Kano a 1851 ya hau Dala, ya ga Jakara, wato babbar fadamar ruwa, shimfiɗe a tsakiyar gari. Yanzu titi ne a kanta, yaro zai wuce a Adaidaita Sahu bai san ruwa yake takawa ba.

Na biyu... a'a, mu haɗa su kawai, lokaci ya ja. Gidan Rumfa, Gidan Makama da kasuwar Kurmi duk suna komawa ga Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Gidan Ɗan Hausa da ke Nasarawa, nan Hanns Vischer ya zauna, mutumin da ya buɗe makarantar boko a 1909. Ku je ku gani da idonku, ku ɗaga kai ku kalli rufin.

Na'am, Hajiya? Ku miƙa mata abin magana.

Tana tambaya ne, in ginin ƙasa ne, me ya hana ruwan sama narkar da shi? Hajiya, kin taɓo inda nake so. Amsar tana marina. In rini ya gama aiki a karofi, irin na Ƙofar Mata, akwai laka da ke kwantawa a ƙasan ramin. Ita ake kwashewa a ƙona, ta zama katsi. A haɗa katsi da gashin jima daga majema, da ruwan dafara, wato wani tsiro mai yauƙi, a samu laso, a shafe rufin soro da shi. Bango kuma makuba ake yi masa, daga ɓawon ɗorawa. Kin ga marini, majemi da magini kowa yana cin moriyar ragowar ɗan'uwansa. Sai dai fa dole a riƙa sabunta yaɓe kafin ruwa ya sauka. Gidan da aka bari damina biyu uku ba gyara, shi ne kike gani ya zube. Akwai mai wata tambayar? Malam na gefen taga, bismillah.