Alƙaluma da nasara a ƙwallon kwandon mata na jami'o'in Amurka

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? Madalla. Abubuwa huɗu za mu duba yau, su ne waɗanda masanin alƙaluman ƙwallon kwando Dean Oliver ya fitar a littafinsa Basketball on Paper na 2004: kyawun jifa, asarar ƙwallo, cafe ƙwallon da ta dawo daga kwando, da jifan kyauta. Ya ba kowanne nauyinsa, jifa kashi 40, asarar ƙwallo 25, cafewa 20, jifan kyauta 15. Wasan maza ya auna, amma masu nazarin gasar mata ta NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, da su suke aiki har yau.

Kafin na farko, akwai wani abin da in ba ku riƙe shi ba sauran duk aikin banza ne. Ku daina cewa ƙungiya kaza tana cin maki 80 a wasa don haka ta fi ƙarfi. Sau nawa ƙwallo ta zo hannunta? A wasan mata na jami'a ana buga zango huɗu na minti goma-goma tun kakar 2015-16, kuma daƙiƙa 30 ake ba ƙungiya ta jefa. Wata takan jefa cikin daƙiƙa goma, wata sai ta cinye lokacin kaf. Ɗan kasuwa ba ya murna da yawan ciniki sai ya san jarin da ya zuba, to jarin nan shi ne yawan riƙon ƙwallo. Ga lissafinsa, ku rubuta: jifan da aka yi, a cire ƙwallon da kuka cafe a kwandon abokan hamayya, a haɗa asarar ƙwallo, a haɗa jifan kyauta sau 0.475. Misali jifa 60, cafewa 12, asara 15, jifan kyauta 20. Sittin a cire sha biyu, 48, da 15 ya zama 63, da tara da rabi, 72 da rabi ke nan. In sun ci maki 70, ba su kai maki ɗaya a kowane riƙo ba. Wata ƙungiyar da ta ci 64 a riƙo 60 ta fi su iya kai hari, ko da allo ya nuna 70 ta fi 64.

To, na farko, jifa. 'Yar wasa ta jefa goma ta ci biyar masu maki biyu, maki goma, takarda ta ce kashi 50. Wata ta jefa goma ta ci huɗu masu maki uku, maki 12, takarda ta ce kashi 40, sai koci ya zaunar da ita a benci. An zalunce ta. Gyaran shi ne kowace mai maki uku a ƙirga ta ɗaya da rabi, sai nata ya koma kashi 60.

Yanzu na uku, cafewa. Eh, na san na tsallake na biyu, za mu dawo, amma wannan ne ya fi ci mini rai. Ku ɗauki wasa biyu tsakanin South Carolina ta koci Dawn Staley da Iowa ta 'yar wasa Caitlin Clark. Na farko a 2023, wasan kusa da na ƙarshe na gasar NCAA. South Carolina ta zo ba a taɓa doke ta ba a kakar. Ta cafe ƙwallo 49, Iowa 25. Kusan ninki biyu fa! Kuma ta sha kashi 77 da 73. Yaya aka yi? Iowa ta cunkushe ƙarƙashin kwando ta bar musu waje. Wanda ya kalli wasan zai tuna lokacin da Raven Johnson ta South Carolina take riƙe da ƙwallo a bayan layin maki uku, Clark ta yi mata nuni da hannu kawai ta juya, wato jefa abinki. A daren South Carolina ta jefa masu maki uku sau 20 ta ci huɗu. Clark kuwa ta zuba 41.

Ga abin da nake so ya zauna muku. Yawan cafewa a kwandon abokan hamayya wani lokaci shaida ce cewa kuna yawan ɓarar da jifa. Ƙwallon da ta shiga ai ba a cafe ta. Shi ya sa ba a ƙirga jimilla, ana ƙirga kaso: cikin duk ƙwallon da ta dawo daga jifanku, kashi nawa kuka kama? Wato abin da kuka cafe, a raba da jimillarsa da wanda masu tsaron can suka cafe. Na sake faɗa, kaso, ba jimilla ba. In an ce muku wance ta cafe goma, ku tambaya cikin nawa.

Sai 2024, wasan ƙarshe, su biyun dai. Staley ba ta zubar da ƙarfinta na ƙarƙashin kwando ba, Kamilla Cardoso tana nan, ita kaɗai ta cafe 17 a ranar. Abin da aka ƙara shi ne jifa daga nesa. Te-Hina Paopao ta zo daga Oregon, tana cin sama da kashi 45 na jifanta mai maki uku, Raven Johnson ma ta gyara hannunta. Yanzu in ka cunkushe ciki sai a ƙona ka daga waje, in ka fita sai Cardoso ta cinye ka. Cafewa 51 da 29, kusan irin ratar bara, amma wannan karon South Carolina ta yi nasara 87 da 75, ta ƙare kaka da wasa 38 babu faɗuwa ko ɗaya. Clark ta ci 18 a zangon farko, ta gama da 30. 'Yan bencin South Carolina sun ci 37, na Iowa sifili. Sifili, jama'a, har da wanda ya kawo musu ruwa bai ci ba. (dariya) Rinjaye iri ɗaya a cafewa, sakamako daban, domin cafewa dama ce ta biyu kawai, sai an iya jifa take zama maki.

Lokaci yana gudu. Asarar ƙwallo a raba ta da yawan riƙo, kada a ƙirga ta tsura, domin mai gudu dole ta fi yawan zubarwa. Jifan kyauta kuma ku duba sau nawa ake zuwa layin idan aka kwatanta da yawan jifa, zuwan kansa yana tara wa abokan hamayya laifi. Na biyar... a'a, huɗu na ce, amma ku ƙara ƙarfin abokin karawa. Shi ya sa aka bar tsohon ma'aunin jera ƙungiyoyi da ake kira RPI aka koma sabo mai suna NET a gasar mata tun kakar 2020-21, domin shi sabon yana duba maki a kowane riƙo da kuma wa aka doke, a gida ko a waje. Hajiya, ga hannunki a sama.

Tambaya: Malam, ni ina horar da 'yan mata a sakandare, ba mu da kamara ko kwamfuta. Kuma wasa nawa zan tara kafin in yarda da lambar?

To Hajiya, biro da takarda sun isa. Ki zaunar da ɗalibai biyu a gefen fili, ɗaya taku ɗaya ta abokan karawa. Kowace ta ja layi shida: jifa mai maki biyu, mai maki uku, jifan kyauta, cafewa a gaba, cafewa a baya, asara. Jifan da ya shiga a zagaye shi, wanda bai shiga ba a bar shi da karan tsaye. Inda ake yawan kuskure shi ne idan aka yi wa yarinya laifi tana jifa kuma bai shiga ba, ba a rubuta shi a jifa, jifan kyautar kawai ake rubutawa. A ƙarshe riƙon ƙungiyoyin biyu ya kamata ya zo kusan ɗaya, in kika ga ratar ta wuce uku ko huɗu, wata ta yi gyangyaɗi.

Batun yawan wasa, asara da cafewa suna nuna halinsu da wuri, domin suna faruwa da yawa a kowane wasa. Jifa mai maki uku shi ne mai yaudara. A jifa 20, ƙwallo ɗaya da ta lashi baki ta fita tana sauya lissafi da kashi biyar. Don haka kada ki hana yarinya jifa saboda wasa biyu, ki haɗa da na atisaye, ki tara mata ɗari ko fiye kafin ki yanke hukunci. Mai gabatarwa yana nuna mini agogo, sauran tambayoyin sai bayan salla.