Kujerun Jama'a a Zauren Majalisar Gari

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaban taro, iyayenmu maza da mata, malamai, 'yan'uwa matasa, barkanku da zuwa. Allah ya saka wa waɗanda suka haɗa wannan zama da alheri.

Kafin in shiga magana, ina so ku taimaka mini da hannuwanku. Wanda ya san sunan shugaban ƙasa ya ɗaga hannu. To, kowa da kowa. Wanda ya san sunan kansilan mazaɓarsa fa? Kun ga an ragu sosai. Saura ɗaya. Wanda ya taɓa shiga zauren majalisar garinsa, ya zauna ya saurara ana tsakiyar zama, ya ɗaga. Na hango hannu biyu can baya, Allah ya yi muku albarka. Wannan tazarar da ke tsakanin tambayar farko da ta ƙarshe ita ce ta kawo ni gabanku yau.

Ku duba rayuwar mutum a ƙaramin gari. Ranar da aka haife shi, takardar haihuwarsa ta bi ta hannun hukumar da ke kusa. Firamaren da ya fara shiga, ɗakin shan maganin da aka kai shi rigakafi, rumfar kasuwar da mahaifiyarsa ke haya, tashar mota, magudanar ruwan ƙofar gidansu, motar kwasar shara, har maƙabartar da za a kai shi in kwana ya ƙare, duk akwai hannun majalisar gari a ciki. Ƙasashe sun bambanta wajen rabon aiki, amma kusan ko'ina waɗannan su ne kayan ƙaramar hukuma. A kundin tsarin mulkin Nijeriya na 1999, alal misali, jadawali na huɗu ya jero su ɗaya bayan ɗaya, har da raɗa wa tituna suna da sanya wa gidaje lamba. Dalilin wannan rabo kuwa mun san shi tun a gida: mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ministan da ke babban birni ba zai taɓa sanin wace kwalbati ce ke toshewa duk damina ba, amma kansila a kanta yake wucewa kullum.

Kada ku raina ƙaramin hukunci. A ƙarshen watan Agusta na 1854 kwalara ta ɓarke a unguwar Soho ta birnin Landan, cikin kwana goma ta kashe mutum sama da 500. Wani likita, John Snow, ya bi gidajen mamatan yana tambayar inda suke ɗiban ruwa, sai ya ga mafi yawansu daga famfon titin Broad suke sha. Bai tafi fadar sarauniya ba, bai nufi majalisar dokokin ƙasa ba. A daren 7 ga Satumba ya tsaya gaban kwamitin da ke kula da unguwar ya faɗi abin da ya gani. Washegari aka cire hannun famfon. Gaskiya ce annobar ta riga ta fara lafawa lokacin, saboda mutane da yawa sun gudu, kuma ba duka 'yan kwamitin ne suka gamsu da bayaninsa ba. Abin da nake so ku riƙe shi ne mutum ɗaya ya zo da hujja a hannu, ya samu masu ikon yanke hukunci a zaune, cikin kwana ɗaya aka aiwatar. Wannan saurin sai a ƙaramar hukuma.

Yanzu bari in ba ku labarin da ya fi tsaya mini a rai, don a kansa zan ɗan daɗe.

A jihar Kalifoniya ta Amurka akwai wani ƙaramin gari da ake kira Bell, kusa da Los Angeles. Mutanensa kamar 35,000 ne, yawancinsu talakawa 'yan ƙwadago, da yawa baƙin haure ne da iyalansu. A watan Nuwamba na 2005 aka kira wani zaɓe na musamman domin sauya matsayin garin a doka. Babu wani ɗan takara a ciki, babu gangami, mutane da yawa ba su ma ji labari ba. Waɗanda suka kaɗa ƙuri'a ba su kai 400 ba. Sauyin ya wuce, kuma shi ne ya fitar da kansilolin daga ƙarƙashin dokar jiha da ta ƙayyade albashinsu. Daga nan sai aka kafa hukumomi da kwamitoci a takarda, wasu su zauna na 'yan mintuna, wasu ba sa zama ma, amma ana biyan alawus. Kansilolin da aikin nasu ba na cikakken lokaci ba ne suka koma karɓar kusan dala 100,000 a shekara. Manajan garin, Robert Rizzo, albashinsa ya kai dala 787,000 da ɗoriya, wato kusan ninki biyu na albashin shugaban Amurka. Su wa ke biya? Talakawan nan, ta hanyar harajin gidaje da tara iri-iri.

Shekara biyar ana haka, sai a watan Yulin 2010 wasu 'yan jarida biyu na Los Angeles Times suka nemi takardun albashi, suka buga. Sai a lokacin ne zauren majalisar ya cika har waje, mutane na ihu. An kama jami'an, an gurfanar da su, a 2014 aka yanke wa Rizzo ɗaurin shekara 12.

Ga inda abin ya fi ba ni tsoro, jama'a. Kalifoniya tana da dokar da ta tilasta wa majalisun garuruwa yin zama a buɗe tun 1953. Dokar ta ce a manna ajandar zama awa 72 kafin a zauna, kuma kowa na da damar shiga ya yi magana. Ƙofa a buɗe take, kujerun jama'a na nan a jere, masu zama a kai ne suka yi ƙaranci. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ni ban ɗora laifin a kan ma'aikacin da ya dawo gida a gajiye da dare ba, ɓarawo shi ne mai laifi. Amma doka ba ta da ido, idonmu take ara, in ba mu je ba ta makance.

Na taɓa zuwa irin wannan zama da ƙafata, ba zan faɗi garin ba. Mu uku ne a ɓangaren jama'a: ni, da wani dattijo da ya zo kan rikicin fili, da wani yaro mai ɗaukar rahoto. Akawu ya miƙe yana karanta batutuwa da sauri. Ya zo kan batu na bakwai, gyaran magudanar ruwa a wata unguwa, shugaba ya ce, "Akwai mai ja?" Shiru. "An amince." Na duba agogo, bai kai minti ɗaya ba. Da aka tashi na tambayi wani kansila dalilin da ya sa aka zaɓi wannan unguwar, alhali akwai wadda ruwa ke shiga ɗakunan mutane. Ya dube ni ya ce, "Malam, waɗannan sun zo sau uku da takarda. Waɗancan ba mu taɓa ganin kowa daga cikinsu ba." Maganar ta yi mini ciwo, domin na san matan waccan unguwar suna kwana kwalfar ruwa da bokiti. Kuma na san bai yi mini ƙarya ba.

To in mutum ya yi niyyar zuwa, me zai nema? Abu na farko ajanda, domin ita ke gaya maka abin da za a tattauna tun kafin a zauna. Sai rahoton zaman da ya wuce, inda za ka ga wa ya kawo ƙuduri, wa ya goyi baya, wa ya yi shiru. Amma uwa-uba shi ne kasafin kuɗi. Duk alkawarin da ba ya cikin kasafi, hira ce. In ka samu takardar, kada kaurinta ya firgita ka. Nemi wuri biyu kawai: nawa ke tafiya a albashi da alawus da hidimar ofis, nawa ya rage na ayyuka. Sannan ka nemi sunan unguwarku. In ka same shi, rubuta adadin da sunan aikin, bayan wata shida ka je wurin da idonka. In an ce rijiyar burtsatse, je ka murɗa famfon.

Lokaci ma yana da muhimmanci ƙwarai. Yawancinmu sai an ba da kwangila, ɗan kwangila ya sauke yashi, sannan mu fara kuka. A lokacin an riga an gama. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Watannin da sassan hukuma ke tattara buƙatunsu, kafin a kai daftarin gaban kansiloli, su ne lokacin da takardar mutum goma ke iya sauya layi guda a kasafi.

Wani zai ce karanta takarda me zai hana? Ku ji abin da ya faru a Yuganda. An yi bincike kan tallafin da gwamnatin tsakiya ke aika wa makarantun firamare bisa yawan ɗalibai, sai aka gano tsakanin 1991 da 1995 kashi 13 cikin ɗari kacal ke isa makaranta. Sauran yana narkewa a ofisoshin gundumomi, yawancin makarantun ma ko sisi ba sa gani. Sai gwamnati ta fara buga adadin da ta aika wa kowace gunduma a jaridu duk wata, aka kuma umarci makarantu su manna nasu a allon sanarwa. Zuwa 2001 abin da ke isa ya haura kashi 80. Akwai wasu gyare-gyaren da aka yi a lokacin, amma masu binciken sun ga makarantun da suka fi kusa da inda ake sayar da jarida su suka fi samun ƙari. Hedimasta ya san haƙƙinsa, iyaye sun sani, mai riƙe da kuɗin ya san sun sani.

Dole kuma in yi wa kansiloli adalci, don na hango wasu a cikinmu, sannunku da zuwa. Da yawa daga cikinku an ɗora muku kaya an ɗaure muku hannu. Ƙaramin gari ba ya tara kuɗin shiga mai yawa, ya dogara da abin da ke gangarowa daga sama, kuma wanda ke sama yana son ya riƙe linzami. A Nijeriya, inda ake da ƙananan hukumomi 774, shekara da shekaru kuɗinsu na bi ta asusun haɗin gwiwa da jihohi, gwamnoni kuma na rushe zaɓaɓɓu su naɗa kantomomi. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan kuɗin kai tsaye, ta kuma ce naɗa kantomomin ya saɓa wa tsarin mulki. Na yi murna da hukuncin. Sai dai ina tuna muku mutanen Bell ba gwamna ne ya cuce su ba, maƙwabtansu ne. Kuɗi in ya matso kusa, tsaronsa ma ya dawo wuyanmu.

Akwai wuraren da suka wuce zuwa kallo, suka shigar da jama'a cikin rabon kansa. A 1989 birnin Porto Alegre na Barazil ya fara tara mutanen unguwanni su jera buƙatunsu, su zaɓi wakilai, su yanke inda wani kaso na kuɗin ayyuka zai tafi. Unguwannin talakawa suka riƙa zaɓar shimfiɗa titi da ruwa da magudanar ƙazanta. Garuruwa masu yawa a duniya sun kwaikwaya, ko da yake a can gidansa tsarin ya yi rauni da aka samu sauyin shugabanni. A Indiya kuma gyaran tsarin mulki na 1992 ya ware wa mata aƙalla kashi ɗaya bisa uku na kujerun majalisun ƙauyuka da garuruwa. Binciken da aka yi a jihohin Bengal ta Yamma da Rajasthan ya nuna inda mace ke shugabanci an fi zuba kuɗi a ruwan sha. Ban yi mamaki ba, wadda ke ɗauko ruwan ita ta san nisan rijiya. Saboda haka iyayenmu mata, wannan zauren naku ne kamar yadda yake na kowa.

An miƙo mini takarda daga ɓangaren mata, bari in amsa ta kafin lokaci ya ƙure. Hajiya tana tambaya, in mun je mai gadi ya hana mu shiga, ko sakatare ya ce takardun sirri ne, yaya za mu yi?

Hajiya, Allah ya ƙara girma, wannan na faruwa, ni ma an taɓa mayar da ni daga bakin ƙofa. Kada ku yi faɗa da mai gadi, shi umarni aka ba shi. Ku koma ku rubuta wasiƙa gajera zuwa ga sakataren majalisa, ku faɗi abu ɗaya tak da kuke nema, ko ranar zama na gaba ko kasafin bana. Ku yi kwafi biyu, ku kai, ku tsaya har a buga muku hatimin karɓa da kwanan wata a kan naku. Ku ba kansilan mazaɓarku kwafi, don ya san kun sani. Ƙasashe da yawa suna da dokar 'yancin samun bayanai da ke ɗora wa ofis wa'adin amsawa; ta Nijeriya, wadda aka sanya wa hannu a 2011, kwana bakwai ta bayar. Ku ambaci dokar ƙasarku a cikin wasiƙar. In wa'adi ya cika ba amsa, ku sake rubutawa ku liƙa kwafin ta farko, wannan karon ku tafi ku biyar ko ku goma, kuma ku sanar da gidan rediyo ranar da za ku je. Wadda ta fi iya karatu a cikinku ta riƙe fayil ɗin, ta riƙa rubuta sunan duk jami'in da kuka gani da abin da ya ce muku.

Shugaban taro yana nuna mini agogo. Sauran tambayoyin a tara mini su, zan tsaya a bakin ƙofa bayan an yi addu'a. Wassalamu alaikum.