Wa Ke da Alhakin Waƙa, Mawaƙi ko Mai Hatimi?

[Hoto: takardar sanarwa, sai fastocin fina-finai suna wucewa ɗaya bayan ɗaya]

A watan Mayun 2025, Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta Jihar Kano ta dakatar da fina-finai masu dogon zango guda 22 a lokaci guda, har da waɗanda wasu gidajen ba sa cin tuwon dare sai an kunna su. Dalilin da hukumar ta bayar shi ne ana sakin su ba tare da an kawo mata ta tace ba. Kafin gari ya waye Facebook ya rabu gida biyu. Waɗannan na cewa, "Madalla, dama sun ɓata mana tarbiyyar yara." Waɗancan na cewa, "Ku ƙyale mai fasaha ya sarara, 'yancinsa ne."

Jama'a, ɓangarorin nan biyu sun haɗu a kan abu guda ba tare da sun ankara ba. Kowannensu ya ɗauka cewa 'yanci da alhaki ba sa ga-maciji, idan ɗaya ya ƙaru dole ɗayan ya ragu. A nan kuskuren yake, kuma a nan za mu daɗe.

[Hoto: shafin kundin tsarin mulki]

Doka tukuna, a gurguje. Sashe na 39 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ba kowa 'yancin faɗin albarkacin bakinsa. Sashe na 45 kuma ya ce ana iya taƙaita shi saboda tsaron ƙasa, zaman lafiya, ɗa'ar jama'a, lafiyarsu, ko kare haƙƙin wani, muddin taƙaitawar ta dace da tsarin dimokuraɗiyya. Hukumar tace fina-finai ta ƙasa tun 1993 take, ta Kano kuwa an kafa ta a 2001, bayan dawo da shari'ar Musulunci. Shi ke nan, mu wuce.

[Hoto: hannu yana buga hatimi a kan takarda. A bar shi ya daɗe]

Tun muna makarantar allo aka sanar da mu hadisin da ya ce an yafe wa al'umma kuskure, da mantuwa, da abin da aka tilasta ta a kai. Ku riƙe na ukun nan da kyau. Wanda aka tilasta ba a kama shi da laifi, domin ba shi ya zaɓa ba. Ashe kenan ba a ɗora wa mutum alhakin abu sai yana da ikon yi da ikon bari. Idan mota ta faɗa rami, wanda ke riƙe da sitiyari ake tambaya, ba fasinjan gidan baya ba.

To mu kai wannan ma'auni masana'antar fim. Marubuci ya zauna zai rubuta labarin yarinyar da aka yi wa auren dole, ko na malamin da ke cin amanar ɗalibansa. Idan babu kowa a kansa, tambayoyin da zai yi wa kansa masu nauyi ne. Gaskiya na faɗa? Na wulaƙanta wadda abin ya faru da ita? Yarinya 'yar shekara goma sha uku idan ta kalla, me za ta tashi da shi? Idan kuwa ya san sai takardarsa ta bi ta wani tebur kafin ta fita, tambayar sai ta koma guda ɗaya tak: "Zai wuce?" Sannu a hankali sai ya daina auna aikinsa da lamirinsa, ya koma auna shi da fuskar jami'in da ke kan kujera a bana. Ranar da kuka tare shi da ƙorafi, amsarsa a shirye take: "Ai hukuma ta tace." Alhakin ya tashi daga wuyansa ya koma kan hatimi, hatimi kuwa ba ya jin kunya, ba ya kwana da damuwa.

Abin da ya fi damuna shi ne labarin da ba a rubuta ba. Fim ɗin da aka dakatar kowa ya san sunansa, ana cece-ku-ce a kansa. Amma na malamin nan mai cin amana, wanda marubuci ya yaga tun a ɗaki don kada a janye masa lasisi, wa zai yi masa kuka? Babu wanda ya san an rasa shi, alhali watakila shi ne wata uwa take buƙata don ta gane abin da ke damun ɗanta.

[Hoto: kanun jaridun 2008 da 2009]

Kuma ba a rasa misali ba. A ƙarshen 2008 wata kotun tafi-da-gidanka a Kano ta ɗaure furodusa Hamisu Lamido Iyan-Tama, a kan batun rajistar kamfani da sakin fim ɗinsa Tsintsiya. Fim ɗin kuwa kira yake yi ga zaman lafiya tsakanin ƙabilu da addinai. Daga baya babbar kotu ta soke hukuncin, amma ya riga ya kwana a kurkuku, kuma duk wani ƙaramin furodusa ya ga abin da ya faru, ya ɗauki darasi.

[Hoto: taron siyasa, ana yi wa mawaƙi liƙi]

Kada kuma masu cewa "'yanci, 'yanci" su yi saurin tafi, domin ba hukuma kaɗai ke ƙwace wa mawaƙi zaɓi ba. Aljihu ma yana ƙwacewa. Dubi wannan liƙin. Mawaƙin da bana ya wasa ubangidansa har ya kai shi sama ta bakwai, baɗi kuma ya yi masa zambo har da siffanta tafiyarsa don wani ya fi shi sakin hannu, shi ma wani ne ke riƙe da linzaminsa. Idan ka tambaye shi zai ce maka sana'a ce. Na yarda roƙo tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa, kuma tana da ƙa'idojinta. Amma waƙar da za ta sa yara su ɗauki gora su fita ranar zaɓe, kuɗin da aka biya ba zai wanke wanda ya rera ta ba, domin shi ba tilasta masa aka yi ba, sayar da zaɓinsa ya yi yana ji yana gani.

Ku kwatanta da Ɗanmaraya Jos, Allah Ya jiƙansa, wanda ya rasu a 2015. Mutum ɗaya da kuntiginsa, ya zaɓi ya yi wa karen mota waƙa, yaron da kowa ke daka wa tsawa a tasha, wanda ba shi da abin liƙi. Ko Malam Sa'adu Zungur, wanda ya bar duniya a 1958, da ya dubi sarakunan Arewa ya gargaɗe su a waƙe a zamanin da En'e (hukumar mulkin gargajiya ta sarakuna) ke da kotu da gidan yari. Babu hukumar da ta umarce su. Da ma wace hukuma ce za ta ba mutum umarnin ya faɗa mata gaskiya?

[Hoto: Legas, 1977, gida yana ci da wuta]

Farashinsa kuwa ba ƙarami ba ne. A watan Fabrairun 1977 sojoji suka far wa gidan Fela Kuti a Legas bayan ya yi musu waƙar habaici, suka ƙone gidan, suka jefo mahaifiyarsa Funmilayo ta taga. Ta rasu a shekarar da ta biyo baya.

[Hoto: taswirar Ruwanda]

Na san tambayar da ke bakinku. "Wato a bar kowa ya yi abin da ya ga dama?" A'a. Waƙa tana iya kashewa. A Ruwanda akwai shahararren mawaƙi Simon Bikindi, wanda gidan rediyon RTLM ya riƙa sanya waƙoƙinsa lokacin kisan ƙare dangi na 1994. A Disambar 2008 kotun Majalisar Ɗinkin Duniya da ke Arusha ta yanke masa shekara 15. Amma ku lura da yadda ta yi. Alƙalai sun yarda cewa wasu waƙoƙinsa sun rura wutar ƙiyayya ga 'yan ƙabilar Tutsi, waɗanda aka yi wa kisan, sai dai ba a tabbatar musu da hannunsa a yaɗa su a lokacin kisan ba. Abin da suka kama shi da shi shi ne maganar da ya yi da bakinsa ta lasifika a kan hanya a yankin Gisenyi, yana kiran a kashe mutane. An kawo shaidu, ya kare kansa, ya ɗaukaka ƙara. An hukunta shi a kan abin da ya zaɓa ya aikata, bayan ya aikata, da hujja a bainar jama'a.

[Hoto: matasa suna kallon waya a majalisa]

Ra'ayina ne wannan, kuma a shirye nake a yi min gardama. Kare yara wajibi ne, don haka hukuma ta mayar da hankali wajen bayyana wa iyaye wane fim ne ya dace da wace shekara, tunda yau fim ɗin da aka ɗauka a Kaduna ko Yamai yana shigowa wayar yaro a Fagge ta YouTube ba tare da ya bi ta kowane tebur ba. Idan za a hana wani aiki, a rubuta dalili, a faɗi sashen dokar da ya taka, a ba mai aikin damar zuwa kotu. Wanda ya yi ƙazafi ko ya tunzura jama'a, a gurfanar da shi da sunansa. Mu kuma masu kallo mu daina karɓar "hukuma ta tace" ko "sana'a ce" a matsayin amsa, mu riƙa tambayar marubuci da darakta da mawaƙi kai tsaye me ya sa suka zaɓi wannan.