Kafin ka sayi babban birki, duba aksil ɗin baya

Assalamu alaikum. Yau muna wani gareji a Sabon Garin Zariya, ga aksil biyu, wato ƙarfen da ke haɗa tayoyin baya, an shimfiɗa a ƙasa. Maganar ta masu ƙara wa mota ƙarfin inji ce, musamman motar da bayanta aksil guda ne miƙaƙƙe, irin Hilux. Masu Marsandi 190 da BMW, tsarin bayan motarku daban ne.

Ku dubi na farko. Shaf ɗin cikinsa, wato sandar ƙarfen da ke juyawa a ciki, aiki biyu yake yi: yana juya taya, yana kuma ɗauke da nauyin mota, duk a kan boris ɗaya. Na biyun an ciro shi ne daga Land Cruiser 80, wadda aka ƙera daga 1990 zuwa 1997. A nan mazaunin taya yana kan boris biyu a jikin bututun aksil, nauyi bai shafi shaf ba, juyawa kawai yake yi. Ko ya karye ana gudu, taya ba ta fita. Za ka gane irinsa da kan da ya turo a tsakiyar wili, kewaye da notuna.

To ina ruwan birki da wannan? Idan ka sha kwana da gudu, shaf na farko yakan ɗan lanƙwasa, faifan birki ya karkata, ya tura fad, wato abin da ke matse faifan, baya. Kana fitowa ka taka birki, sai ƙafarka ta nutse, sai ka sake takawa kafin ya kama. Faifai ya ƙara girma, matsalar ta ƙara girma; aksil na biyun kuwa yana rage wannan matsalar, tunda nauyi bai shafi shaf ɗinsa ba. Shi ya sa nake jin takaici idan na ga matashi ya zuba kuɗi a kalifa mai tsada, wato maƙatar da ke riƙe fad, a kan aksil mai wasa.

Mai son aksil irin na biyun, akwai sabon kit na Ford 9-inch, wani aksil daga Amurka, amma da dala ake sayensa. Mai ƙaramin ƙarfi ya nufi Panteka a Kaduna ya nemi na hannu irin na Land Cruiser ɗin nan. Amma a tafi da tef. A auna faɗi, a duba ko ramukan wili shida ɗin sun dace, a ƙirga haƙoran giya, a tabbatar birkin hannu zai haɗu. Waldar mazaunin sifirin kuwa sai gwani, domin zafi yana karkatar da bututu.

Birkin gaba ne ke yin mafi yawan aikin tsayawa. Ka girmama na baya shi kaɗai, tayoyin baya su riga ƙullewa, mota ta juya da kai a tsakiyar titin Kano. A fara da gaba, a daidaita na baya da bawul mai rage ƙarfin man birki da ke zuwa baya. Man birki a zuba DOT 4: sabonsa yana jure zafi har digiri 230 a ma'aunin Celsius kafin ya tafasa, na DOT 3 kuwa 205. Kuma a gwada wili tukuna, don babban faifai ba ya shiga ƙaramin wili.