Amsoshin Tambayoyinku: Rijiyarmu tana warin fetur

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da warhaka. Wasiƙar farko a yau daga unguwar Bolari ta fito, a nan cikin garin Gombe. Wani magidanci ne ya rubuto cewa gidansa katanga ɗaya da gidan mai, kuma tun da damina ta kankama, duk gugan da aka janyo daga rijiya sai an ji warin fetur, wani lokaci har da maiƙo mai ƙyalli a saman ruwan. Yana tambaya: daga ina, kuma a ci gaba da sha?

To malam, kafin komai, a daina sha, a daina girki da shi daga yau. Kada kuma kowa ya shiga rijiyar da sunan yasa, ko ya leƙa da ashana ko fitilar aci-balbal, domin tururin fetur ya fi iska nauyi, a ƙasan rijiya yake kwanciya.

Gidajen mai a tankokin ƙarfe da aka binne suke ajiye kayansu. Idan tanki ya yi tsatsa ko mahaɗar bututu ta saki, man yakan riƙa tsiyaya kaɗan-kaɗan shekara da shekaru ba wanda ya gani. Yana ratsa ƙasa har ya tarar da ruwa, kuma da yake ya fi ruwa sauƙi, sai ya zauna a samansa, ya bi shi duk inda ya gangara. Da rani ruwan yana can ƙasa. Da damina kuwa sai ya taso ya wanke ƙasar da ta sha mai. Shi ya sa warin ya fi fitowa yanzu.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne wani sinadari da ke cikin fetur, benzin, wanda aka tabbatar yana haddasa sankarar jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce maikurogiram 10 a lita ɗaya ta ruwan sha (maikurogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram). Wato cokalin shayi guda na benzin ya isa ya kai ruwan tankokin mota fiye da goma, masu lita 33,000, wannan iyaka. A wannan ma'auni hanci ba ya jin benzin, don haka maƙwabcinka da ke cewa tasa rijiyar lafiya lau, shi ma ya kamata ya gwada. A rahoton da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar kan ƙasar Ogoni da ke jihar Ribas a 2011, an samu rijiyoyi a Nisisioken Ogale da benzin ɗinsu ya ninka iyakar fiye da sau 900, kuma mutane na sha.

Yadda ake bibiya shi ne a haƙa 'yan siraran rijiyoyin sa-ido kewaye da tankokin, aƙalla uku, don a gane inda ruwan ƙasa ya nufa. Ana zura na'ura a auna kaurin man da ke yawo a sama, a ɗebi ruwa a ƙananan kwalaben gilashi, a cika su fal ba kumfar iska ko ɗaya, a sa a ƙanƙara zuwa ɗakin gwaji. Gorar roba ba ta yi, benzin ɗin gudu yake. Kuma a maimaita rani da damina. A ganina wannan nauyin mai gidan man ne, bai kamata a bar wa talakan da ke maƙwabtaka da shi ba. Ka rubuta koke ga hukumar NMDPRA mai ba gidajen mai lasisi, da NOSDRA da aka kafa a 2006 don malalar mai, da hukumar muhalli ta jiha, GOSEPA. Ku haɗu da mai unguwa ku sa hannu da yawa, ka kuma riƙe kwafinka.

Sai wata baiwar Allah daga Pantami, tana tambaya ko tafasa ruwan zai wadatar. Hajiya, a'a. Tafasawa ƙwayoyin cuta take kashewa; shi benzin tashi zai yi ya cika miki ɗakin girki, ke da yara ku shaƙa. Alimun da kulorin ma ba sa cire shi. Ki koma ruwan famfo na Dadin Kowa in yana zuwa muku, in kuma 'yan ga-ruwa ne, ki tambaye su inda suke ɗebowa.

Na ƙarshe, wani matashi daga Kumo yana son haƙa rijiyar burtsatse kusa da inda 'yan bumburutu ke juye jarkoki. Ɗan'uwa, ka matsa nesa iyakar iyawarka, ka zaɓi ɓangaren tudu, sannan ka tsaya a kan masu haƙar su zuba siminti ya toshe gefen bututun daga sama, don kada ruwan saman da ya gurɓace ya bi jikinsa ya sauka. Ka kai ruwan gwaji kafin kowa ya kai shi baki.