Jirgin Jesse L. Brown: Sunan Ɗan Manomi a Jikin Jirgin Yaƙi

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da wannan yammaci. Sojan ruwan Masar sun karɓi wani jirgin yaƙi suka sa masa suna Dumyat, sunan birnin nan da ke kusa da inda Kogin Nilu ke shiga teku. Da wani suna aka ƙera shi a Amurka, kuma mai wancan suna nake so mu tattauna a kansa yau.

Sunansa Jesse Leroy Brown. An haife shi ranar 13 ga Oktoba, 1926, a garin Hattiesburg na jihar Mississippi. Mahaifinsa manomi ne da ke noma gonar wani, in an girbe a raba. Ku tuna, a kudancin Amurka na wancan zamani baƙar fata ba ya shiga makaranta ɗaya da fari, ko famfon shan ruwa kowa da nasa. A irin wannan wuri yaron ya ƙwallafa rai sai ya tuƙa jirgin sama. Ya tafi jami'ar jihar Ohio a 1944, da rana karatu, da dare lodin kaya a taragon jirgin ƙasa don ya biya kuɗin makaranta. A watan Oktoban 1948 ya kammala horo, ya zama baƙar fata na farko da ya gama kwas ɗin matuƙan jirgin sama na sojan ruwan Amurka. Wata uku kacal ke nan da Shugaba Truman ya sa hannu a kan umarnin daina wariyar launi a rundunar soja.

Sai yaƙin Koriya ya ɓarke a 1950. Brown yana tashi da jirgi samfurin Corsair daga kan babban jirgin ruwa mai suna Leyte. A ƙarshen Nuwamba sojojin Sin suka yi wa dakarun Amurka ƙawanya a gefen tafkin Chosin da ke Koriya ta Arewa, cikin sanyin da ke daskarar da bindiga. Ranar 4 ga Disamba ya fita kai musu ɗauki, aka harbi jirginsa daga ƙasa, mai ya tsiyaye, ya faɗa kan dutse cikin dusar ƙanƙara.

To, a nan nake so ku natsu. Abokin tashinsa, Thomas Hudner, farar fata ne, ɗan masu hali daga Massachusetts. Ya fi Brown muƙami, amma shi ke bin bayansa a sama, domin Brown ya fi shi gogewa. Da ya hango Brown yana ɗaga hannu, hayaƙi na tashi, bai fito ba, sai ya kifar da nasa jirgin da gangan kusa da shi. Ya tarar ƙarfe ya danne masa ƙafa. Da hannu ya riƙa ɗibar ƙanƙara yana cusa wa wutar. Jirgi mai saukar ungulu ya zo da gatari, shi da matuƙin suka yi ta sara wajen minti 45, ƙarfe ya ƙi. Duhu ya kawo jiki, dole suka tashi. Hudner ya ce maganar ƙarshe da ya ji daga bakinsa ita ce a gaya wa matarsa Daisy yana ƙaunarta. Shekarar Brown 24. Bayan 'yan kwanaki abokan aikinsa suka koma suka ƙone wurin da bam, don kada gawar ta faɗa hannun abokan gaba.

Ni a ganina, da ba don Hudner ya rayu ya ba da labari ba, da wuya a ƙera jirgin da muke magana a kai. An yi shi a masana'antar Avondale a Louisiana, aka tura shi ruwa a watan Maris 1972, ya fara aiki ranar 17 ga Fabrairu, 1973. Daisy ce ta ƙaddamar da shi, Hudner kuma ya yi jawabi a wajen bikin. Yana cikin jirage 46 na ajin Knox, tsawonsa kusan mita 134. A 1975 aka mayar da shi cikin nau'in da ake kira firiget, wato matsakaicin jirgin yaƙi mai rakiyar manyan jirage, aikinsa farautar jiragen ƙarƙashin ruwa na Tarayyar Sobiyet. Na'urar sauraren motsi a cikin ruwa ita ce idonsa.

Da yaƙin cacar baka ya ƙare, Amurka ta rage jiragenta. A watan Yulin 1994 aka sauke tutarsa, aka miƙa shi ga Masar, aka goge sunan Jesse Brown daga jikinsa. Shekara 21 sunan ya yi a teku, bai ma kai shekarun mai shi a duniya ba. Wannan yana yi mini ciwo, ba zan ɓoye muku ba.

Hudner dai bai haƙura ba. A 2013, yana da shekara 88, ya koma Koriya ta Arewa neman ƙasusuwan abokinsa, ruwan sama mai ƙarfi ya tare hanyar zuwa Chosin, ya dawo hannu rabbana. Ya rasu a 2017, shekara guda bayan nan aka ƙaddamar da sabon jirgin yaƙi da sunan Hudner. Jesse kuwa har yau yana can kan wannan dutse.