Barka da Kirsimeti, Amma Ina Masauki?

Masu sauraro, barkanmu da warhaka. Tun kafin ranar 25 ga watan Disamba ta zagayo, wayoyi sun cika da saƙonnin barka da Kirsimeti. Wani ya turo hoton kyandir, wani ya turo addu'ar da shi kansa bai karanta ta har ƙarshe ba. 'Yan siyasa kuwa ba a bar su a baya ba, kowa da sanarwarsa ta fatan zaman lafiya, kamar alƙalami ɗaya ya rubuta musu.

Gaisuwa ba laifi ba ce. Bahaushe ma ba ya wasa da ita. Sai dai wani fasto da ke hidima a ƙauyukan kudancin jihar Katsina yakan tambayi jama'arsa duk shekara: salamar da kuke ta yi wa juna fata, ta isa ga wanda ba shi da wayar da za a tura masa?

Tambayar tasa daga labarin haihuwar Yesu ta fito. A sura ta 2 ta Bisharar Luka, wadda ake karantawa a majami'u a wannan lokaci, Yusufu da Maryamu ba yawon buɗe ido suka tafi ba. Kaisar Augustas ne ya ba da umarnin ƙidaya, dole kowa ya koma garin kakanninsa. Suka taso daga Nazarat zuwa Baitalami, tafiyar sama da kilomita 100, ga ciki ya tsufa. Da suka isa ba wuri a masauki, aka haifi yaron aka kwantar da shi a komin dabbobi. Waɗanda aka fara yi wa albishir kuma ba fadawan sarki ba ne, makiyaya ne da ke kwana a daji suna tsaron garkensu. Musulmi ma, da yake karanta Suratu Maryam, ya san cewa uwar Annabi Isa, alaihis salam, ita kaɗai naƙuda ta kama a gindin dabino, nesa da mutane. Aƙidu sun bambanta a kan ko wane ne yaron, kuma ba aikin wannan sharhi ba ne ya sasanta su. Amma cewa an haife shi cikin ƙunci, ba a kan katifa ba, ba wanda ya musa.

To, mu a Katsina labarin nan bai yi mana nisa ba. Mutanen Batsari, Jibia, Safana, Faskari da Ƙanƙara nawa ne 'yan bindiga suka raba da gonakinsu, suka shigo gari suna raɓe a kangwaye da gidajen dangi? Ga hunturu ya sauka, sanyin asuba ba ya tambayar addinin yaro kafin ya shige shi. Kuma a watan Disamba ne, na shekarar 2020, aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. Makiyayi kuwa, wanda a labarin Luka shi ne baƙon farko, yau jin sunansa kaɗai kan sa gaban mutane faɗuwa, alhali da yawa cikinsu su ma shanunsu aka kora, aka bar su da sanda.

Kiristocin jihar nan ba baƙi ba ne, ko da yake wasu na mantawa. Akwai Hausawa Kiristoci a Malumfashi, Ƙafur da kewaye, da Hausa suke waƙa, da Hausa suke addu'a, kuma tun 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da harshen. A 2023 Katsina ta samu dayosis na Katolika, wato yankin da bishop ke jagoranta, mai cin gashin kansa, inda Gerald Mamman Musa, ɗan ƙasar Malumfashi, ya zama bishop na farko.

A unguwanni da dama har yau kwanon shinkafa da kaza na tsallaka katanga ranar Kirsimeti, kamar yadda naman layya ke tsallakowa da Babbar Sallah. Al'ada ce mai kyau, amma maƙwabcin da ke da katanga aƙalla yana da gida. Abin da faston nan ke roƙon jama'arsa bana shi ne, kafin a raba abincin, a fara leƙa kangon da ke bayan layi a ƙirga yaran da ke ciki, Musulmi ne ko Kirista, a ga bargo nawa ake bukata.

Sharhin ke nan, a huta lafiya.